Yadda ake gano lambar oksidashan ta ƙarfe a cikin dunƙulen sinadari

Kowane zango sai na duba takardu masu yawa a kan wannan tambaya, daga 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin WAEC da JAMB har zuwa 'yan shekarar farko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke zuwa wurina darasin yamma. Da wuya ka ga wanda lissafin ya kayar, don bai wuce tarawa da debewa na firamare ba. Wuri biyu ake zamewa: ko ɗalibi bai san cajin abubuwan da ke kewaye da ƙarfen ba, ko ya ɗora wa baka mai kusurwa, wadda ake rubuta dunƙulen a cikinta, cajin da ba nata ba. A waɗannan wurare biyu zan daɗe, sauran kuma mu bi su da hanzari.

Dunƙulen sinadari, wanda ɗalibai ke kira komfuleks, ƙarfe ne a tsakiya, wasu ƙwayoyi sun kewaye shi, kowace ta miƙa masa elektiron biyu ta kama shi da su. Su waɗannan masu kamun ana ce musu ligan. A rubuce ana sa ƙarfen da ligan ɗinsa a cikin baka mai kusurwa, kamar [Cu(NH₃)₄]SO₄. Ɗauki cikin bakan a matsayin fada: sarki na zaune, fadawa sun kewaye shi, inda ya nufa nan suka nufa. Abin da ke wajen baka kuwa jama'ar ƙofar fada ne. Da an zuba sinadarin a ruwa sai su watse, su bar sarki da fadawansa a dunƙule.

Lambar oksidashan ita ce cajin da zai rage wa ƙarfen da a ce kowane ligan ya naɗe elektiron ɗinsa biyu ya yi gaba. Lissafin littafi ne, ba cajin da za ka auna a jikin ƙarfen ba, amma yana da tasiri a zahiri. Baƙin ƙarfen da ke cikin jininka yana ɗaukar iskar oksijin ne idan yana +2. In ya koma +3 ya daina. Kuromiyam ɗin da masana'antun jima na zamani ke jeme fata da shi +3 ne, ɗan'uwansa mai +6 kuwa yana jawo ciwon daji. Ko baƙin da dukawanmu ke samu idan ruwan tsatsa ya taɓa fatar da aka jeme da bagaruwa, dunƙule ne na baƙin ƙarfe da sinadarin bagaruwar.

A nan idan na ce ƙarfe ina nufin kowane iri: tagulla, azurfa, zinari, kobal, nikel, filatinam. Idan Fe nake nufi zan ce baƙin ƙarfe.

Kayan aiki

Takarda da fensir, don za ka yi goge-goge. Jadawalin sinadarai. Sai katin cajin ligan, wanda nake so ka rubuta da hannunka a bayan bangon littafinka, ba ka ɗauki hoton na wani a waya ba. Kalkuleta ba ta da aiki a nan.

In ba ka da jadawali, rubuta layi ɗaya tak: Sc, Ti, V, Cr, Mn, Fe, Co, Ni, Cu, Zn, ka sa musu lambobi daga 3 zuwa 12 a jere. Waɗannan su ne lambobin rukuninsu. Ƙara da cewa Pd da Pt suna ƙarƙashin Ni, Ag da Au suna ƙarƙashin Cu. Wannan ya ishe ka kusan duk tambayar da za a yi maka.

Ga abin da katin zai ƙunsa (en, py, bipy, phen, PPh₃, acac da EDTA gajerun sunayen wasu ligan ne):

Caji 0: H₂O, NH₃, CO, en, py, bipy, phen, PPh₃, C₂H₄
Caji −1: F, Cl, Br, I, OH, CN, SCN, NO₂, H, CH₃COO, acac, C₅H₅
Caji −2: O, C₂O₄, SO₄, CO₃, S₂O₃
Caji −4: EDTA
Na waje masu +1: Na, K, NH₄
Na waje masu +2: Mg, Ca, Ba
Na waje masu debewa: Cl, Br, NO₃, ClO₄ duk −1, SO₄ −2, PO₄ −3

NO bai shiga katin ba, da gangan. Shi na daban ne, za mu zo kansa.

Mataki na 1: Raba na ciki da na waje

Ja layi da fensir ƙarƙashin bakan da duk abin da ke cikinta, ka zagaye ƙarfen. A K₄[Fe(CN)₆], na ciki Fe ne da CN guda 6, na waje K guda 4. A [Co(NH₃)₅Cl]Cl₂, Cl ɗaya bafade ne, Cl biyu na ƙofar fada.

Hattara da fotasiyam, wato K. Shi ma ƙarfe ne, kuma shi ake fara gani a rubutu, don haka wasu ke sa masa x. Ba shi ake tambaya ba. Cajinsa +1 ne ko yaushe, haka ma sodiyam.

Idan ka ga ɗigo da ruwa a ƙarshe, kamar ·H₂O ko ·3H₂O, ruwan da ya maƙale a cikin gishirin ne. Cajinsa 0, ka yi kamar ba ka gan shi ba.

Mataki na 2: Gano cajin baka

Hali uku ne.

Na farko, an rubuta maka cajin a kafaɗar baka, kamar [CuCl₄]²⁻ ko [Ag(NH₃)₂]⁺. An gama maka aiki. Ka dai buɗe ido ka karanta alamar da kyau, kuma ka tuna alama ita kaɗai ba lamba tana nufin 1.

Na biyu, babu caji a kafaɗa, babu kowa a waje, kamar [Ni(CO)₄] ko [Pt(NH₃)₂Cl₂]. Cajin baka 0 ne.

Na uku, akwai na waje. Gishiri gaba ɗayansa ba shi da caji, saboda haka abin da na waje suka kawo, baka ce ke biyansa. Ni da bashi nake koyar da wannan: alamar + kuɗi ne a hannu, alamar − bashi ne, kuma dole littafi ya tashi ba riba ba faɗuwa. A K₄[Fe(CN)₆], K huɗu sun zo da +4, ke nan baka −4 ce. A [Co(NH₃)₅Cl]Cl₂, Cl biyu na waje sun zo da −2, baka +2 ce.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaukar ƙaramar lambar ƙafa a matsayin caji kai tsaye. Dabarar tana ci a K₄ da Cl₂ don cajin kowannensu 1 ne, sai ɗalibi ya ɗauka doka ce. Ran da ya gamu da [Cu(NH₃)₄]SO₄ sai ya ce baka +1 ce tunda SO₄ ɗaya ne, wani ma ya ce +4 don ya ga 4 a ƙafar O. Duka biyun sun ɓata. SO₄ guda ɗaya yana ɗauke da −2, ke nan baka +2 ce. Ko yaushe ka ninka adadi da caji.

Idan bakan kanta tana da lamba a ƙafa, sai ka raba. A Ca₂[Fe(CN)₆], Ca biyu sun kawo +4, baka ɗaya ce, −4. A [Co(NH₃)₆]₂(SO₄)₃ kuwa, SO₄ uku sun kawo −6, baka biyu ce, kowace ta ɗauki +3.

Mataki na 3: Ba kowane ligan cajinsa

Nan ne gizo ke saƙa. Rubuta cajin kowane ligan a samansa da fensir tun kafin ka fara lissafi, ko da kana ganin ka sani.

Fara da 'yan biyun da ke ruɗa mutane. NH₃ ba shi da caji, NH₄ yana da +1 kuma a waje yake zama, don ba shi da sauran elektiron biyun da zai miƙa wa ƙarfe. H₂O ba shi da caji, OH −1 ne, O shi kaɗai −2. CO mai babban O iskar kabon monoksaid ce, ligan mai caji 0. Co mai ƙaramin o kobal ne. Na taɓa samun takarda da ɗalibi ya nemo lambar oksidashan ta kobal a cikin [Ni(CO)₄], alhali babu ko ƙwayar kobal a ciki. Sai CN da CO: kamanninsu ɗaya a ido, amma CN −1 ne. NO₂ a cikin baka −1 ne, kada ka haɗa shi da iskar NO₂ mai ruwan ƙasa da ka sani a wani babi.

Sai batun haƙora. Wasu ligan suna kama ƙarfe a wuri biyu ko fiye, kamar en da C₂O₄ masu haƙori biyu, da EDTA mai haƙori shida. Wata rana da azahar, ana tsakar zafin Afrilu, fanka ta tsaya, kowa na fifita da littafinsa, wata ɗalibata ta ɗaga hannu a kan [Co(en)₃]Cl₃ ta ce, “Malam, wagga en ɗin ai haƙora biyu gare ta, mi yah hana cajinta zama −2?” Na ce mata haƙoran da take cizo da su daban, abin da ke aljihunta daban. Tana cizo wuri biyu, aljihunta kuwa wayam. C₂O₄ ce ta rikita ta, don ita haƙoranta biyu cajinta kuma −2, amma dacewa ce kawai. acac haƙori biyu, caji −1. EDTA haƙori shida, caji −4. Haƙora na shiga lissafin yawan wuraren da aka kama ƙarfe, wanda ya zama 6 a [Co(en)₃]Cl₃. Ba ruwansu da lambar oksidashan.

Wani kuskuren shi ne farfasa ligan. Ɗalibi ya ga CN sai ya kama neman lambar C da ta N, ya ga NH₃ sai ya ce N −3, H +1 sau uku. Wani lokaci a ƙarshe ya faɗo daidai, amma ya ci minti biyar a kan abin da ke buƙatar daƙiƙa biyar, kuma a C₂O₄ ko SCN yawanci ɓacewa yake yi. Ɗauki ligan ɗungurungum da caji ɗaya.

To idan katin ya ɓace maka a ɗakin jarrabawa fa? Akwai mafita biyu, kuma ni na fi son su a kan hadda. Ta farko, tuna asid ɗin da ligan ɗin ya fito daga ciki, ka ƙirga H nawa ya zubar. HCN ya zubar da H ɗaya, CN −1. HNO₂ ya ba da NO₂ −1. H₂C₂O₄ ya zubar da biyu, C₂O₄ −2. H₂CO₃ da H₂SO₄ haka. H₂O ya zubar da ɗaya ya zama OH −1, ya zubar da na biyu ya zama O −2. EDTA a matsayin asid yana da H huɗu da ke fita, shi ya sa −4. Ta biyu, tuna gishirinsa da sodiyam ko fotasiyam, irin wanda ka gani a jikin kwalba a ɗakin gwaji: KSCN ya nuna SCN −1 ne, Na₂S₂O₃ ya nuna S₂O₃ −2 ne. Ligan kuma da za ka iya zubawa a kwalba shi kaɗai ba tare da abokin zama ba, kamar ruwa, amoniya, en ko py, cajinsa 0.

Mataki na 4: Yi lissafin

Sa wa ƙarfe x. Dokar guda ce: x, a tara da cajin dukkan ligan, daidai yake da cajin baka.

K₄[Fe(CN)₆]: x + 6(−1) = −4, x = +2. Wannan gishiri ruwan ɗorawa ne.
K₃[Fe(CN)₆]: x + 6(−1) = −3, x = +3. Wannan ja ne. Bambancin K ɗaya ya sauya lambar da launin.
[Cu(NH₃)₄]SO₄: x + 4(0) = +2, x = +2. Shi ne shuɗin nan mai duhu da ke fitowa in ka cika wa ruwan tagulla amoniya.
[Co(NH₃)₅Cl]Cl₂: x + 5(0) + (−1) = +2, x = +3.
K₃[Fe(C₂O₄)₃]: x + 3(−2) = −3, x = +3.
[Pt(NH₃)₂Cl₂]: x + 0 + 2(−1) = 0, x = +2. Ɗaya daga cikin siffofinsa biyu shi ne sisfilatin, maganin ciwon daji da aka amince da shi a Amurka a 1978.
[Ag(S₂O₃)₂]³⁻: x + 2(−2) = −3, x = +1. Da wannan dunƙule masu wankin hoto na da ke cire ragowar azurfa daga fim.

Rubuta sifilin ligan marasa caji ko da ba ya sauya komai. Mai duba takarda yana son ganin ka san cajin 0 ne, ba mantawa ka yi ba. Kuma ka kiyayi alama wurin tsallakar da lamba: x − 6 = −4 yana nufin x = −4 + 6. Wanda ake bin bashin naira 6, aka wayi gari saura naira 4 ake binsa, ya biya 2. Idan ka samu −10, ƙara masa bashi ka yi.

Akwai gajeriyar hanya in lokaci ya ƙure: tara komai da komai, na ciki da na waje, ka daidaita da 0. A K₄[Fe(CN)₆] sai ka ce 4(+1) + x + 6(−1) = 0. Amsa ɗaya ce. Ina barin ɗalibai su bi ta a tambayoyin zaɓi, amma a rubutacciyar amsa na fi son a nuna cajin baka, don sau da yawa shi ma yana da makinsa.

Mataki na 5: Tambayi amsar ko ta yi hankali

Wata shekara na ba da takardun aiki da aka buga a wani shagon kwafi, injin ya kusa shanye tawadarsa. [Fe(CN)₆]³⁻ ya fito da wani ɗigon datti a kan alamar debewa, ta koma kamar ta tarawa. Ni ma ban duba ba kafin in raba. Washegari fiye da rabin aji suka kawo mini +9, an ja masa layi biyu a ƙasa. Lissafinsu daidai ne bisa abin da suka gani. Abin da ya dame ni, ba wanda ya tsaya ya ce baƙin ƙarfe a rukuni na 8 yake, ina zai samo elektiron 9 ya bayar?

Ga gwajin: debe lambar oksidashan daga lambar rukuni, abin da ya rage shi ne yawan elektiron na d, wato waɗanda ke zaune a layin d na ƙarfen, wanda ba ya ɗaukar fiye da 10. Fe +2 ya ba da 8 − 2 = 6. Co +3 ya ba da 9 − 3 = 6. Cu +2 ya ba da 11 − 2 = 9. Idan sakamakon ya faɗi ƙasa da 0, ko ya haura 10, koma baya ka nemo inda ka zame.

Ka kuma san halin kowane ƙarfe, kamar yadda ka san halin maƙwabta. Fe da Co yawanci +2 ko +3. Ni +2. Cu +1 ko +2. Ag +1. Au +1 ko +3. Zn +2 ba ya sauyawa. Cr a cikin dunƙule yawanci +3. Pt +2 idan an kama shi wuri 4, +4 idan an kama shi wuri 6. Ba cewa nake wasu lambobin ba sa faruwa ba, amma in ka samu Zn +4 ko Ag +5 a tambayar aji, laifin na fensirinka ne.

Launi ma shaida ne idan an ambace shi. Dunƙulen Cu +2 yawanci shuɗi ne ko kore, na Cu +1 kamar [Cu(NH₃)₂]⁺ ba shi da launi, don elektiron ɗinsa na d sun cika 10. Na Zn +2 ma haka.

Sifili kuwa kada ya firgita ka. [Ni(CO)₄] ya ba da x = 0, kuma daidai ne. Ludwig Mond da abokan aikinsa ne suka gano shi a 1890, aka gina hanyar tace nikel a kansa, guba ne kuma mai tsanani. [Fe(CO)₅] da [Cr(CO)₆] duk 0 ne. Shi CO ligan ne mai riƙon tsiya, shi ya sa hayaƙin janareta ke kashe masu barci a rufaffen ɗaki: ya kama baƙin ƙarfen jini ya hana oksijin wurin zama.

Mataki na 6: Rubuta amsar yadda ake so

Lambar oksidashan alama ce a gaba, +3. Caji alama ce a baya, 3+. A cikin suna kuma da lambar Romawa ake sa ta cikin baka, manne da sunan ƙarfe: kobal(III), tagulla(II), nikel(0). Idan sunan da aka ba ka yana ɗauke da lambar Romawa, an riga an faɗa maka amsar, abin da ya rage shi ne ka juya lissafin ka nemo cajin baka. Baƙin ƙarfe(III) da CN shida: +3 − 6 = −3, ke nan K uku ake buƙata a waje. Idan sunan ƙarfen na Turanci ya ƙare da -ate, alama ce cewa cajin bakan na debewa ne.

Idan ba a sa baka ba

Tsofaffin littattafai na rubuta CoCl₃·6NH₃, CoCl₃·5NH₃, CoCl₃·4NH₃. Haka Alfred Werner ya tarar da su, shi ne malamin Zurik ta ƙasar Suwizalan da ya kawo bayanin waɗannan sinadarai a 1893, ya samu kyautar Nobel a 1913. Na farko ruwan lemo ne, na biyu shunayya, na uku yana zuwa kore ko wata shunayyar. Idan aka zuba musu ruwan AgNO₃, farin AgCl yana kwantawa, amma Cl na waje kaɗai ke fitowa: 3 a na farko, 2 a na biyu, 1 a na uku. Daga nan ake gane [Co(NH₃)₆]Cl₃, [Co(NH₃)₅Cl]Cl₂ da [Co(NH₃)₄Cl₂]Cl.

Lissafa duka ukun ka gani: +3, +3, +3. Ko Cl na cikin fada ko na ƙofa, −1 ɗinsa na nan. Saboda haka in lambar oksidashan kawai ake nema, rashin baka bai hana ka komai ba, bi gajeriyar hanyar nan ta tara komai. CrCl₃·6H₂O ma haka, siffofinsa uku duk Cr +3 ne. Gwajin AgNO₃ sai an tambayi cajin baka ko tsarin rubutun yake da amfani.

Idan ƙarfe ya wuce ɗaya

In suna cikin baka ɗaya kuma zamansu iri ɗaya ne, sa 2x. A [(NH₃)₅Cr(OH)Cr(NH₃)₅]⁵⁺, OH ɗaya ne ya zama gada tsakanin Cr biyu, kuma sau ɗaya ake ƙirga shi: 2x − 1 = +5, x = +3. [Mn₂(CO)₁₀] ya ba da 2x = 0.

In baka biyu ce, kamar [Co(NH₃)₆][Cr(CN)₆], lissafi shi kaɗai ba zai fisshe ka ba. Abin da zai ba ka shi ne x + y = 6, inda x lambar ƙarfen farko ce, y ta na biyu. Nan sanin hali ke aiki: Co +3, Cr +3. A [Pt(NH₃)₄][PtCl₄], koren gishirin da ake kira na Magnus, x + y = 4, kuma kowane Pt an kama shi wuri 4, ke nan +2 da +2. A [Pt(NH₃)₄][PtCl₆] kuwa x + y = 6, amma kada ka raba daidai ka ce +3 da +3. Na farko wuri 4 aka kama shi, +2. Na biyu wuri 6, +4.

In amsa ta fito da ɓari, alama ce ka cakuɗa ƙarafa masu lamba daban-daban. Shuɗin Furushiya, Fe₄[Fe(CN)₆]₃, in ka sa 7x − 18 = 0 za ka samu 18 bisa 7, wanda matsakaici ne kawai. Warware shi ta amfani da lambobin ƙafa: Fe huɗu na waje a +3 sun kawo +12, baka uku kowace −4, Fe na ciki +2.

NO, mai fuska biyu

Duk abin da na faɗa ya dogara ne a kan cewa kowane ligan yana da caji ɗaya tsayayye. NO ya ƙi wannan. Ana iya lissafa shi +1, ko 0, ko −1, kuma lambar ƙarfe tana bin wanda ka zaɓa. Masana kansu suna kiran irinsa ligan marasa gaskiya.

A Na₂[Fe(CN)₅NO], maganin da ake saukar da hawan jini da shi cikin gaggawa a asibiti, an saba ɗaukar NO +1: x − 5 + 1 = −2, x = +2. Wannan ba a cika musu a kansa ba.

Rigimar tana ga zoben nan mai ruwan ƙasa da ka gani a gwajin naitiret, lokacin da aka zuba sabon ruwan FeSO₄ sannan aka silalo asid H₂SO₄ mai ƙarfi ta gefen kwalbar gwaji. Dunƙulen shi ne [Fe(H₂O)₅NO]²⁺. Littattafan makaranta da yawa suna ɗaukar NO +1, su ba Fe +1. In ka ɗauke shi 0, Fe +2 ne. Binciken da aka yi daga baya da na'urori ya sa masana da dama suka karkata ga NO −1 da Fe +3. A jarrabawa ina ce wa ɗalibaina su bi abin da littafin kwas ɗinsu ya bi, amma su rubuta a fili, “na ɗauki NO a matsayin +1”, sannan su yi lissafin. Mai dubawa ya ga inda ka tsaya, ko bai yarda da zaɓinka ba ya san ba caca ka yi ba.

Gwada hannunka

Rufe amsoshin da tafin hannu tukuna.

1. [Ag(NH₃)₂]Cl
2. Na₂[Zn(OH)₄]
3. [Co(en)₂Cl₂]NO₃
4. (NH₄)₂[PtCl₆]
5. Na₃[Co(NO₂)₆]
6. K[Au(CN)₂]
7. K[PtCl₃(C₂H₄)]·H₂O
8. Na₂[Fe(CO)₄]

Na 1, +1. Na 2, +2. Na 3, NO₃ ɗaya ne mai −1, baka +1, x − 2 = +1, amsa +3; in ka samu +5, 3 ɗin ƙafar O ne ya yaudare ka, in ka samu +7, haƙoran en ne. Na 4, NH₄ biyu sun kawo +2, baka −2, Pt +4. Na 5, +3. Na 6, +1, kuma a siffar wannan dunƙule zinari ke narkewa idan ana tace shi da sayanaid. Na 7, +2. Na 8 shi ne wanda ɗalibai ke samu daidai sannan su goge don tsoro: Na biyu sun kawo +2, baka −2, CO huɗu 0, Fe −2. Gwada shi da mataki na 5, 8 − (−2) = 10, bai haura ba. Bar shi yadda yake.